Antlia 2: Taurarin da Aka Yi wa Kuskuren Suna, da Galaksin da Suka Tona

A watan Nuwamban 2018 wani ayarin masana taurari ya ba da sanarwar gano wata galaksi da ke kewaya tamu. Jagoran ayarin shi ne Gabriel Torrealba, wanda a lokacin yake aiki a cibiyar Academia Sinica ta Taiwan, kuma cikin abokan aikinsa akwai Vasily Belokurov na Jami'ar Kambirij da ke Ingila. Galaksi dai tarin taurari ne da ƙarfin jan juna ya ɗaure wuri guda. Tamu, wadda rana take ciki, ita ce Milkiwe, farin shatin nan da ke ratsa sama a daren da babu farin wata, mai taurari sama da biliyan 100. Wadda aka gano ba ta kama ƙafar tamu ba ko kusa. Sai dai a faɗi ta yi kunnen doki da Babban Gajimaren Majalan, wanda shi ne mafi girma cikin maƙwabtan da ke kewaya mu, alhali haskenta ya gaza nasa sau dubbai. Aka raɗa mata suna Antlia 2.

Dalilin da ya sa nake kai wannan lamari gaban ɗalibaina na fiziks a nan Kaduna shi ne, taurarin da suka nuna hanyar zuwa ga Antlia 2, daga baya an gano cewa da dama cikinsu ba irin waɗanda aka zata ba ne. An yi musu kuskuren suna, kuskuren ya jawo kuskuren nisa, kuskuren nisan ya haifar da wani labari da ba shi da tushe. Duk da haka galaksin tana nan daram inda aka ce take.

Wahalar ganin wadanni

Ƙananan galaksin da ke kewaya manya, masana na kiran su wadanni. Harlow Shapley ne ya fara ba da rahoton biyu daga cikinsu a 1938, Sculptor da Fornax, daga hotunan gilashi da aka ɗauka a tashar Boyden ta Afirka ta Kudu. Daga nan abin ya yi ta tafiyar hawainiya, har ƙarni na 20 ya ƙare ba a san fiye da 11 ko makamancin haka ba. A 1999 kuwa lissafin kwamfuta ya nuna cewa in har ra'ayin da ake kai game da ɓoyayyen nauyi gaskiya ne, ya kamata a ce ɗaruruwan ƙananan dunƙule ne ke kewaya Milkiwe. Ɓoyayyen nauyi shi ne abin nan da ba ya haske, ba a ganin sa, sai dai a gane shi ta yadda yake jan taurari. To ina sauran wadannin suka shiga?

Daga 2005 aka fara tono su. Binciken Sloan, da ke amfani da madubin hangen nesa mai faɗin mita 2.5 a jihar New Mexico ta Amurka, ya fito da Willman 1, Ursa Major I, Boötes I, Segue 1 da wasunsu. A 2015 wata kyamara da ke ƙasar Chile ta ƙara wasu da yawa a sararin kudu. Yanzu adadin ya kai wajen 60. Wasunsu abin tausayi ne: Segue 1 duka-duka taurarinta ba su wuce kimanin 1,000 ba, haskenta gaba ɗaya kuwa kamar na rana 300 ne, ka ga ke nan tauraro ɗaya mai ƙarfi a galaksinmu ya fi ta haske ita da duk abin da ta mallaka.

Kusan dukansu hanya ɗaya aka bi aka same su. A ɗauki hoton sama, a sa kwamfuta ta ƙirga taurari, a nemi inda suka ɗan fi cunkoso. Hanyar tana aiki inda sama take da sarari. Antlia 2 kuwa tana digiri 11 kacal daga faifan Milkiwe, wato ta bayan inda taurarinmu suka fi yawa, ga ƙura da ke rage haske. Ita kanta kuma 'yan taurarinta sun barbazu a fili mai faɗi. Da'irar da ta ƙunshi rabin haskenta kaɗai ta kai faɗin cikakken wata 5 a jere. A lokacin da aka gano ta, babu wata galaksi da aka sani da ta kai ta disashewa in aka raba haske da faɗi. Ƙirga cunkoso ba zai taɓa fito da ita ba.

Taurari masu numfashi

Akwai taurarin da ke kumbura su tsuke a kan lokaci tsayayye, haskensu na ƙaruwa yana raguwa. Abin da ke jawo haka wani shimfiɗi ne na iskar hiliyom a ƙarƙashin fatar tauraron. In tauraron ya tsuke, shimfiɗin ya matsu ya yi zafi, sai ya daina barin haske ya ratsa shi. Zafi ya taru a ƙasansa har ya tunkuɗa saman tauraron waje. Da ya kumbura sai ya huce, hanya ta buɗe, zafin ya fice, nauyi ya sake jawo komai ciki, a koma gidan jiya. Masanin Tarayyar Sobiyet Sergei Zhevakin ne ya nuna a 1953 cewa hiliyom ne ke wannan aiki.

Mai son ya gani da idonsa ba sai ya bar Kaduna ba. Tauraron Delta Cephei, wanda John Goodricke ya lura da canjin haskensa a 1784, yana cika zagayensa cikin kwana 5 da kusan awa 9. A tsakiyar Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke kuma hazo bai riga ya sauko ba, yakan kai ƙololuwarsa ta arewa wajen ƙarfe 9 na dare, kimanin digiri 42 sama da doron ƙasa. Kusa da shi akwai taurari biyu da za a gwada shi da su, Zeta Cephei mai haske da Epsilon Cephei mai rauni. Aikin da nake ba ɗalibai shi ne, kullum bayan sallar isha'i su duba, su rubuta a littafi: yau ya fi kusa da wanne? Wanda ke zaune a tsakiyar gari, irin su Tudun Wada ko Unguwar Sarki, sai ya yi fatan a ɗauke wuta. 'Yan gefen Rigasa da bayan Mando sun fi kowa kawo sakamako mai kyau. Bayan 'yan makonni, in aka zana abin a takardar giraf, sai ka ga haƙoran zarto sun fito: hawa da sauri, sauka a hankali.

Daga sunan wannan tauraro aka samo sunan dangin, Sefid. Henrietta Leavitt, wadda ke duba hotunan gilashi a cibiyar Harvard, ta nuna a 1912, da taurari 25 na Ƙaramin Gajimaren Majalan, cewa gwargwadon tsawon zagayen Sefid gwargwadon ainihin haskensa. Wannan shi ne mabuɗin. In ka san ainihin hasken fitila, ka kuma auna yadda ta iso maka, ka san nisanta, domin in nisa ya ninka sau 2, haske na raguwa sau 4. Da wannan Edwin Hubble ya auna nisan galaksin Andromeda bayan ya tsinci Sefid a cikinta a 1923. A 1952 kuma, a taron masana taurari a birnin Rum, Walter Baade ya bayyana cewa Sefid iri biyu ne aka cakuɗa, ɗaya ya fi ɗaya haske. Nan take nisan galaksin da ke waje ya ninka. A riƙe wannan, domin irin sa ne zai sake faruwa a Antlia 2.

Ga mai neman wadanni, dangin da suka fi amfani su ne RR Lyrae, masu ɗauke da sunan wani tauraro da Williamina Fleming ta gano canjinsa wajen shekarar 1900. Tsofaffi ne tukuf, sun haura shekara biliyan 10, sun ƙone haidurojin ɗin cikinsu sun koma ƙona hiliyom. Nauyinsu bai kai na rana ba, amma sun fi ta haske sau 40 zuwa 50, kuma kusan dukansu haskensu ɗaya ne. Numfashinsu gajere ne, daga kimanin awa 5 zuwa kwana guda. Manyan wadanni na da su da ɗaruruwa. Boötes I an ƙirga mata 15 tun 2006. Segue 1, duk da talaucinta, tana da guda. Shi ya sa a 2015 Mariah Baker da Beth Willman suka ba da shawarar a juya binciken: maimakon a gano wadanniya sannan a nemi RR Lyrae a cikinta, a nemi inda RR Lyrae biyu ko fiye suka taru a can nesa, inda ba a saba ganin su ba, a tona wurin.

Abin da Gaia ya nuna

Hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba kumbon Gaia ranar 19 ga Disamban 2013, aka ajiye shi kilomita miliyan 1.5 daga duniya. Aikinsa shi ne ya yi ta auna matsayin taurari a kai a kai, har a ga 'yar gusawar da kowanne ke yi a sama cikin shekara. Ranar 25 ga Afrilun 2018 aka saki kashi na biyu na bayanansa, kyauta ga duk mai intanet: taurari kusan biliyan 1.7, cikinsu da kimanin 140,000 da aka tantance a matsayin RR Lyrae. Ba mutum ne ya zauna ya duba su ɗaya bayan ɗaya ba. Manhaja ce ta dubi tsawon zagaye da siffar hawa da saukar haske, ta liƙa wa kowanne suna.

Torrealba da abokansa suka tace jerin, suna neman RR Lyrae masu nisa da ke kusa da juna kuma suke gusawa tare. Wadannin da aka riga aka sani suka fito, alamar tacewar na aiki. Sai ga wasu tsirarun taurari a yankin sama na rukunin taurarin Antlia, inda babu wani abu a taswira. Suka koma kan sauran taurarin wurin, suka ware masu irin wannan gusawa, sai siffar wata ƙatuwar galaksi ta fara bayyana. Cikin hanzari, kafin rana ta matso ta rufe wannan ɓangare na sama na tsawon watanni, suka samu lokaci a madubin Anglo-Australian mai faɗin mita 3.9 da ke Siding Spring a Ostareliya. Aka rarraba hasken jajayen manyan taurari sama da 100 zuwa launukansa, aka ga gudunsu ɗaya ne, kuma matalauta ne a ƙarfe kamar yadda taurarin wadanni suke. Tsofaffin hotuna masu zurfi da aka tono daga rumbun ajiya suka nuna nisan jikin galaksin ya kai shekarar haske 420,000 da 'yan kai (shekarar haske ita ce tazarar da haske ke ci cikin shekara guda).

Rukunin Antlia, wanda Bafaranshen nan Nicolas-Louis de Lacaille ya zana a shekarun 1750 daga Afirka ta Kudu, yana hawa sararin Kaduna sosai. A tsakiyar Fabrairu, da tsakar dare, wurin da galaksin take yakan kai digiri 43 ta kudu sak, fiye da yadda zai taɓa kaiwa a Kambirij, inda da ƙyar yake leƙowa. Sai dai ko hazo ya yi sauƙi babu abin da ido zai tsinta. Nakan nuna wa yara wurin ne kawai don su san ba a wata duniyar ake maganar ba.

Taurarin da suka tsaya a gaba

Tun a rahoton farko akwai abin da bai zauna ba. In aka ɗauki taurarin nan da suka nuna hanya a matsayin RR Lyrae, aka lissafa nisansu, sai a ga ba a cikin galaksin suke ba. Suna gabanta da tazara mai yawa, tsakaninmu da ita. Bayanin da ya fi sauƙin zuwa zuciya shi ne Milkiwe na yagar Antlia 2, ta fizgo taurarinta ta shimfiɗa su a hanya. Bayanin bai saɓa wa hankali ba. An san haka na faruwa da wadanniyar Sagittarius, wadda aka gano a 1994, da taurarinta suka yi wa galaksinmu ɗamara. Yaga mai tsanani kuma zai iya bayyana dalilin da ya sa Antlia 2 ta baje haka.

Amma kafin a yi irin wannan yaga, dole galaksin ta taɓa kutsowa kusa da tsakiyar Milkiwe. A nan wani tsohon hasashe ya samu shiga. Tun 2009 Sukanya Chakrabarti da Leo Blitz suka yi lissafin cewa wasu lanƙwashe-lanƙwashe da ake gani a iskar gefen faifan Milkiwe, wata wadanniya ce da ba a gano ba ta haddasa su da ta wuce. A 2019 Chakrabarti da abokanta suka kawo hujjar cewa Antlia 2 na iya zama ita. A ganina ba laifi suka yi ba, domin sun faɗi abin da awon gaba zai nuna in sun yi daidai. Da Gaia ya saki ingantattun bayanai a Disamban 2020, sai lissafin hanyar galaksin ya nuna ba ta matso kusa kamar yadda wancan labari ke bukata ba. Aka shiga tsaka mai wuya: hanyar ta ce ba a yi mummunan yaga ba, ga kuma taurari zube a gaba.

Gyaran da ya zo daga Cerro Tololo

Katherina Vivas, 'yar ƙasar Benezuwela da ke aiki a tashar Cerro Tololo ta Chile, ta daɗe tana farautar RR Lyrae. Ita da Clara Martínez-Vázquez da Alistair Walker da wasu suka juya kyamarar DECam, mai megafiksel 570, da ke kan madubin Blanco mai faɗin mita 4, zuwa Antlia 2. Suka rufe fili huɗu, jimillar murabba'in digiri 12, wato wurin da zai ci cikakken wata kusan 60.

Aikin na cin rai. Tauraron da ke cika zagaye cikin awa 14 ba za a ga zagayensa duka a dare ɗaya ba, gari zai waye. Dole a ɗauki hoto a kai a kai cikin darare da yawa, sannan a sa kwamfuta ta gwada tsawon zagaye iri-iri, tana naɗe awon a kan juna, har a dace da wanda ɗigo-ɗigon suka jeru suka ba da siffa ɗaya mai tsabta. In hotunan sun yi kaɗan, ko kullum a lokaci ɗaya na dare ake ɗaukar su, zagayen ƙarya na iya shigowa ya yi kama da na gaskiya.

Sakamakon ya fito a 2022: taurari masu numfashi 350, cikinsu RR Lyrae 318 na galaksin, da wasu 8 daga dangin da ake kira bauɗaɗɗun Sefid. Waɗannan bauɗaɗɗu tsawon zagayensu na shiga cikin na RR Lyrae, siffar haskensu ma ta yi kama, amma sun fi nauyi, sukan kai nauyin rana ɗaya zuwa biyu, kuma sun fi haske nesa ba kusa ba. Da dama daga taurarin da aka ce suna gaba, ashe su ne. A cikin galaksin suke zaune tun farko.

Lissafin ba shi da wuya, a allo muke yin sa. Masana na auna hasken taurari da matakai, kowane mataki ɗaya bambancin haske ne sau 2.5, kuma yawan lamba na nufin raunin haske. Ido na tsayawa a mataki na 6. Gaia na tsayawa kafin ya cika 21. RR Lyrae da ke nisan Antlia 2 kuwa yana faɗawa bayan 21, kafin ma a ƙara ƙurar da ke hanya. Ke nan ainihin RR Lyrae na galaksin sun fi ƙarfin Gaia, waɗanda ya iya gani dole masu haske fiye da kima ne. Yanzu a ɗauki tauraron da ya fi RR Lyrae haske sau 2.5, a yi masa lissafi kamar shi RR Lyrae ne. Za a raba nisansa na gaskiya da tushen murabba'in 2.5, wato kusan 1.6. Tauraron da ke shekarar haske 404,000 sai ya dawo kimanin 255,000 a takarda. Tazarar kusan 150,000 ta fito daga suna kawai.

Wani dattijo a unguwarmu, tsohon direban babbar mota da ya sha hanyar Kaduna zuwa Zariya, ya ji ina wannan bayani a majalisa bayan magariba. Ya ce, "Malam, ai wannan mai ido ɗaya ce. Ka hango fitila guda cikin dare ka ce ɗan acaba ne ya matso, ashe tirela ce can nesa da fitilarta ɗaya ta mutu." Na ce, "Baba, ka gama darasin." Ya ce a hanya dai ba nisan ke kashe mutum ba, faɗin ne, amma wannan wata magana ce.

Wata ɗaliba kuma ta yi tambayar da ta fi kowacce. "Malam, in alamar da aka bi ƙarya ce, me ya sa za mu yarda akwai galaksin?" Amsar ita ce Gaia ya ba da abu uku game da kowane tauraro: inda yake a sama, yadda yake gusawa, da sunan danginsa. Biyun farko awo ne, kuma daidai suke. Na ukun hukunci ne na manhaja, shi ne ya karkace, nisa kuma a kansa ya rataya. Taurarin 'yan Antlia 2 ne na haƙiƙa, saboda haka sun nuna wurin da ya dace da tafiyar da ta dace. Hujjar samuwar galaksin kuwa tuni ta koma kan jajayen taurarin da aka auna a Ostareliya, waɗanda ba ruwansu da wannan suna. Abin da ya burge ni, cikin waɗanda suka sa hannu a rahoton gyaran har da Belokurov, wanda yake cikin masu rahoton farko.

Abin da 318 suka faɗa

Da fitilu 318 masu haske iri ɗaya, an wuce maganar nisa guda. Matsakaicin nisan ya zama shekarar haske kimanin 404,000, ƙasa kaɗan da awon farko. Amma da aka duba ɓangare-ɓangare, sai aka ga gefen kudu maso gabas ya fi gefen arewa maso yamma nisa da kimanin shekarar haske 42,000. Wannan tazara ta fi wadda ke tsakanin rana da tsakiyar Milkiwe, wadda ba ta wuce 27,000 ba. Galaksin a miƙe take, kai ɗaya ya karkato wajenmu. Shekara guda kafin nan, a 2021, Alexander Ji da abokan aikinsa sun riga sun nuna cewa gudun taurarinta na canzawa daga wannan gefe zuwa wancan. Hanyoyi biyu daban suka haɗu a kan magana ɗaya: lallai Milkiwe na jan ta tana miƙar da ita. Yagar tana nan, sai dai ba mai tsananin da aka zana da farko ba, kuma hujjarta yanzu taurari ɗaruruwa ne da aka tabbatar da danginsu. An kuma tarar da RR Lyrae har bakin filayen huɗu, alamar galaksin ta zarce inda kyamarar ta tsaya.

Akwai wani abu da tsawon numfashin ke faɗa game da asali. A 1939 masanin ƙasar Holan Pieter Oosterhoff ya lura cewa tsofaffin curin taurari na Milkiwe sun rabu gida biyu: a wasu, matsakaicin zagayen manyan RR Lyrae kwana 0.55 ne, a wasu 0.65, tsakani kuwa kusan fayau. A Antlia 2 adadin ya fito 0.599, wato awa 14 da minti 20 da ɗoriya, tsakiyar gurbin ke nan. Haka yawancin manyan wadanni suke, su kuwa mafi disashewa sun fi karkata ga gida na biyu. Wannan na da nauyi, domin ra'ayin da ya fi karɓuwa shi ne Milkiwe ta tara gewayenta ne ta hanyar haɗiye ƙananan galaksi. In da irin wadannin da suka rage yau ne kaɗai ta haɗiye, da RR Lyrae na gewayenta sun yi kama da nasu, ba su kuma yi ba. A gewayen Milkiwe akwai masu gajeren zagaye da babban canjin haske, waɗanda ba a cika samu a ƙananan wadanni ba. Abin da ya fi dacewa da wannan shi ne manyan galaksi ne suka ba da kaso mafi tsoka, irin wadda bayanan Gaia suka nuna a 2018 cewa ta faɗo cikin tamu shekara biliyan 8 zuwa 11 da suka wuce.

Su kansu bauɗaɗɗun guda 8 ba shara ba ne da za a share bayan an gane su. Tauraro mai irin nauyinsu ba ya kai shekara biliyan 10 a raye shi kaɗai. Ko dai galaksin ta ci gaba da haifar taurari bayan tsofaffin, ko kuwa tsofaffi ne 'yan biyu da ɗaya ya zuƙe ɗan'uwansa ya ƙara nauyi. Wani ayari na Vivas ya samu 7 a Crater 2, wata wadanniya mai faɗi da disashewa da Torrealba ya gano a 2016, tare da RR Lyrae kusan 100.

Gaia ya daina aiki a farkon 2025, bayan kashi na uku na bayanansa, na Yunin 2022, ya kai jerin RR Lyrae kusan 270,000. Farautar ta koma tashar Vera Rubin da ke kan dutsen Cerro Pachón, maƙwabcin Cerro Tololo, mai madubi mita 8.4 da kyamara mai megafiksel 3,200, wadda ta nuna hotunanta na farko ranar 23 ga Yunin 2025. Shirinta shi ne ta yi shekara 10 tana maimaita hoton sararin kudu duk bayan 'yan kwanaki. Hoto ɗaya na daƙiƙa 30 yana kaiwa wajen mataki na 24, saboda haka RR Lyrae irin na Antlia 2, da na wadannin da suka ninka ta nisa, suna cikin abin da za ta iya kamawa. Yawan taurarin ya fi ƙarfin a duba su da ido, don haka a can ma manhaja ce za ta raba RR Lyrae da bauɗaɗɗun Sefid.